Igiyar Aure da Hatimin Jakada

Mutanen ƙasar nan tamu ta tsakiyar Katsina, tun daga Kutawa da Dutsin-Ma har zuwa Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba baƙin tafiya ba ne, kuma ba jiya suka fara fuskantar gabas da niyyar ziyarar Ɗakin Allah ba. Sai dai tafiyar zamanin nan ta zo da wata mas'ala wadda kakanninmu ba su san ta ba, malamanmu kuma ba su cika taɓa ta a kan mumbari ba, alhali kuwa tana nan tana cin gidaje a ɓoye, watau mas'alar mutumin da ya shiga ƙasar wasu da izinin 'yan kwanaki, wa'adinsa ya cika ya ƙi fita, ya zauna shekara da shekaru yana ɓuya, har ya yi aure a can ya hayayyafa, ba tare da wata hukuma a duniya ta san da auren ko ta san da 'ya'yan ba. A zaurukanmu akan ce wane yana can yana zaman takari, wance ma an ce ta yi aure a Jidda, a yi musu addu'ar buɗi, a wuce zuwa wata magana.

Ni kuwa ina ganin ba maganar wucewa ba ce. A zamanin da muke ciki takarda ta shiga cikin haƙƙoƙin aure, kamar yadda ci da sha da sutura da muhalli suke cikinsu, kuma waliyyin da ya ba da 'yarsa ga wanda ke zaune wata ƙasa, da limamin da ya ɗaura, da mijin da ya karɓa, in ba su kula da a rubuta auren a inda hukumomi za su yarda da shi ba, sun tauye wa matar nan da abin da za ta haifa wani haƙƙi babba, ko da kuwa auren ya inganta ta fuskar shari'a. Na san akwai waɗanda maganar za ta yi wa nauyi, domin sun tashi suna jin cewa takarda abin Nasara ce, aure kuwa na Allah ne; ina roƙonsu su yi haƙuri su bi ni a hankali.

A zamanin da, wanda ya yi niyyar hajji daga ƙasar Katsina yakan yi ban kwana da danginsa ban kwanan wanda ba ya tsammanin komowa, ya bi ayari ta Borno da Wadai da Darfur, yana tafe yana yada zango, inda guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi ƙodago shekara ɗaya ko biyu, har ya kai Sawakin ya ƙetare Bahar Maliya. Cikin wannan doguwar tafiya kuwa akan yi aure, a haihu, a yi suna, a yi jana'iza, malamin ayari ya ɗaura, jama'ar ayari su shaida, babu mai tambayar kowa hatimi. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira suka ci gaba gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nil cikin ƙasar Sudan, garin da har yau yake amsa sunansa. Waɗanda suka isa Hijaz suka zauna, zuriyarsu ce ake ji yau da laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi, da yawansu cikakkun 'yan ƙasa ne, cikinsu har da malamai irin Shaihu Umar Fallata wanda ya daɗe yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi. Ko a lokacin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajjinsa a 1921, sha'anin fasfo da ofisoshi bai gama kafuwa a kan talaka mai tafiyar ƙafa ba. Amma daular Saudiyya ta haɗe a 1932, ta shimfiɗa dokar zama ɗan ƙasa a 1954, ƙofar da ta kasance a buɗe ta sami mai gadi. Saboda haka wanda ya kafa hujja da cewa kakanninmu ma sun zauna can ba takarda, ya yi ƙiyasi ne a inda akwai bambanci bayyananne, irin wannan ƙiyasi kuwa malaman usulu ba su karɓarsa.

Mai shakkar ƙarfin takarda ya tuna abin da ya faru a watan Satumba na 2012, sa'ad da hukumomin Saudiyya suka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya wajen dubu ɗaya a filayen jirgin sama na Jidda da Madina, cikinsu har da matan Jihar Katsina, bisa hujjar ba su zo da muharrami ba, aka komo da ɗaruruwa daga cikinsu gida, har aka dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci, gwamnatin tarayya ta naɗa tawaga ƙarƙashin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, don a sasanta. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan lamari shi ne, wasu daga cikin matan tare da mazajensu suka sauka daga jirgi, amma sunan da ke fasfon matar bai yi daidai da na mijin ba, domin mace a wajenmu sunan ubanta take amsawa, kamar yadda addini ya tsara. Ga miji tsaye, ga mata tsaye, sun tsufa tare sun tara jikoki, amma ma'aikacin da ke bayan tebur abin da ke rubuce kaɗai yake karantawa. In har wannan ya sami matan da suka tafi da kujerar hukuma, da biza ingantacciya, da jami'an Hukumar Alhazai a bayansu, ina ga wadda aka ɗaura wa aure a wani ɗaki a lungun Jidda, ita ba iƙama, watau izinin zama, mijin ma ba iƙama?

Yadda abin yake gudana sananne ne ga duk mai ɗan'uwa a can. Mutum ya sayar da gona ko shanun noma, ya kai wa ejan kuɗi a Katsina ko Kano, a samo masa bizar umra, ya tafi da niyyar da shi da ejan duk sun san ba ta komowa ba ce. Mace kuwa sau da yawa da bizar aikatau ake kai ta, ƙarƙashin kafili, watau ubangidan da ya ɗauki nauyinta, in ta ga wahala ta yi yawa ta gudu ta bar fasfonta a hannunsa, shi kuma ya kai sunanta ga hukuma a rubuta mata hurub, watau gujajjiya. Daga nan sai Shara Mansur a Makka, ko Karantina a Jidda, ko wani lungu irinsu inda 'yan'uwa suka taru, ana wanki da shara da dako da sayar da abinci, ido kullum yana kan titi don tsoron jawazat, watau jami'an shige da fice. Namiji da mace a baƙunci, shekara ta zagayo wata ta biyo, ba abin mamaki ba ne su nemi juna da aure, kuma ba ni da abin cewa a kan niyyarsu sai yabo, domin sun guje wa haram ne. Sai a taru a ɗaki bayan isha'i, a kira uban yarinya ta waya ya wakilta wani, ko kuwa in ba a same shi ba wani dattijon unguwa ya tsaya mata, a yanka sadaki da riyal, mutum biyu ko goma su shaida, a raba dabino, a shafa fatiha. Mazhabarmu ta Malikiyya tana da faɗin da za ta iya inganta irin wannan ɗauri in sharuɗɗa sun cika, ban kuwa zo in ɓata auren kowa ba. Sai dai mahkamar Saudiyya ba ta rubuta auren baƙi sai sun nuna izinin zama, su kuwa ba su da shi; ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, wanda shi ne gidansu a wannan ƙasa, tsoron zuwa cikinsa suke yi, wani don fasfonsa ya mutu tun tuni, wani don yana zaton daga can za a miƙa shi. Haka auren zai zauna, Allah ya san da shi, maƙwabta sun san da shi, ban da su babu kowa.

Nauyin wannan duka a kan wanda bai ji ba bai gani ba yake sauka. Mace mai ciki wadda ba ta da takarda tana ƙin asibiti har sai abin ya gagara, sau da yawa a ɗaki take haihuwa a hannun unguwarzoma. In Allah ya sauke ta lafiya, jaririn ba shi da takardar haihuwa, domin ofishin da ke bayar da ita yana neman iƙamar iyaye da shaidar aurensu. Haihuwa a ƙasar Saudiyya ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Yaro ya tashi yana ganin sa'o'insa suna rataya jaka suna tafiya makarantar gwamnati, shi kuwa sai allo a soron wani malami in an dace, Larabci a bakinsa kamar ɗan gari, Hausa a bakinsa kamar ɗan Katsina, alhali littafin kowace ƙasa daga cikin biyun nan babu sunansa. In ya balaga ba zai yi aikin albashi ba, ba zai buɗe ajiya a banki ba, ba zai riƙe layin waya da sunansa ba, kuma in ya tashi aure shi ma irin auren iyayensa zai yi, ya haifi irin kansa, har a sami jika da kaka a ɗaki ɗaya duk a ɓoye. Wane uba ne, in an shimfiɗa masa wannan a gabansa tun ran ɗaurin aure, zai ce ya yarda a yi wa jininsa haka?

Ranar kamu kuwa tana zuwa, ko ba jima ko ba daɗe. A 2013 Sarki Abdullahi na Saudiyya ya ba baƙi wa'adin gyara takardunsu, wa'adin ya ƙare a farkon Nuwamba, aka shiga kame gida gida. A ƙarshen Maris na 2017 aka sake shelar afuwa ta kwana 90 ga wanda zai fita da ƙafarsa. A watan Janairu na 2021 gwamnatin Nijeriya ta kwaso ɗaruruwan mutanenmu da suka daɗe a tsare, bayan hotunansu sun bazu a wayoyi suna kwance a ƙasa suna roƙon a zo a ɗauke su. Wanda aka kama akan kai shi tarhil, watau gidan tsare waɗanda za a kora, mafi shahara cikinsu na Shumaisi a kan hanyar Makka da Jidda, a ɗauki basmarsa, watau zanen yatsunsa, ya jira jami'in jakadanci ya zo ya tabbatar ɗan Nijeriya ne, a yanka masa takardar tafiya ta gaggawa, wadda jirgi ɗaya kawai take hawa, a sauke shi a Kano ko Abuja da kayan jikinsa. Dokar da ke aiki yanzu ta tanadi tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗaurin da ya kai wata shida da kora ga wanda ya wuce wa'adin bizarsa, wanda kuwa aka kama yana neman yin hajji ba izini akan hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Amma abin da ya fi tara da ɗauri ciwo shi ne, kamu ba ya zuwa wa iyali tare: a kama miji a wurin aiki, mata na gida da goyo ba ta san inda ya shiga ba, ko a kama uwa a kan titi, 'ya'ya su kwana hannun maƙwabta. Da yake babu takardar da ta ce wannan mijin wannan ne, waɗannan kuma 'ya'yansu ne, babu hujjar da za a riƙe a nemi a haɗa su a jirgi ɗaya, wanda aka ɗauki basmarsa kuwa ba ya komawa ya ɗauko su.

A ce ma Allah ya haɗa su a gida. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya faɗa sarai cewa wanda aka haifa a wajen Nijeriya, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Haƙƙin yana nan, amma haƙƙi sai da bayyina, kuma yaron da ba shi da takardar haihuwa sai an bi ta rantsuwa a kotu da shaidar Hukumar Ƙidaya kafin ya sami lambar ɗan ƙasa da zai zana jarrabawa da ita. Wannan mai sauƙi ne in aka gwada shi da ranar rabon gado. Mutum ya rasu a Makka ko bayan komowarsa, ya bar gona a Kutawa da gida a Dutsin-Ma, sai ga wata mata ta iso da 'ya'ya uku ta ce ita ma matar marigayi ce. 'Yan'uwa wani ya gaskata, wani ya ce bai san zancen ba, alƙali ya ce a kawo shaidu, shaidun kuwa kamu ya watsa su, ɗaya yana Kano, ɗaya yana Damagaram, ɗaya yana Injamena, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Nasaba tana cikin abubuwa biyar da malamai suka ce shari'a ta zo don ta tsare su, ga ta kuwa tana lilo a bakin mutanen da ba a san inda suke ba.

Akwai kuma wata wadda ba a cika tunawa da ita ba, ita ce uwargidan da aka bari a gida. Da mijinta ɓatacce ne wanda ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, da fiƙihu ya yanka mata hanya: alƙali ya bincika, ya sa mata wa'adin shekara huɗu, ta yi takaba, ta sami 'yancin kanta. Amma shi takari ba ɓatacce ba ne, ana jin muryarsa a waya, wata rana ya aiko da riyal ɗari, wata shida kuma shiru. Ba ya iya zuwa ganin gida domin in ya fita ba ya komawa, ita kuma ba ta iya zuwa domin ba shi da iƙamar da zai nema mata biza da ita. Shari'a ta ba ta damar kai ƙara saboda rashin nafaƙa ko cutuwar daɗewar rabuwa, ƙa'ida kuwa alƙali ya aika wa mijin ya zo, ko ya ɗauke ta, ko ya sake ta. To, ina za a aika wa mutumin da duk rayuwarsa a kan ɓoye adireshinsa take? Ƙuruciyar mata da yawa ta ƙare a wannan rataye, ba su ga aure ba, ba su ga zawarci ba, kunya kuma ta hana su zuwa gaban alƙali.

Masu cewa rubuta aure bidi'ar Turawa ce, ban san littafin da suka karanta ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, bashi kuwa dukiya ce mai ƙarewa. Malaman Malikiyya na Andalus da Magrib sun mai da rubuta wasiƙoƙin aure da ciniki da gado fanni mai zaman kansa, har Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban mai rubuta su. Hikimar shaidu a aure ita ce a tsare shi daga musu, kuma a garin da kowa ya san kowa, inda wanda ya ci goron ɗaurin aurenka shi zai raka gawarka, shaidar baki ta wadatar. Amma inda shaidu suke watsewa cikin dare ɗaya, manufar ba ta cika sai da rubutu, abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa, malamai sun ce shi ma wajibi ne. Mutumin da ya sayi sa a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ba ya yarda ya kora shi gida sai da takardar ciniki a aljihu, don gudun a ce na sata ne. Ban ga dalilin da zai sa ya fi tsare sansa a kan 'yarsa ba. Shi kansa wuce wa'adin biza ya kamata a kira shi da sunansa. Fuƙaha'u sun yi bayanin wanda ya shiga wata ƙasa da aminci, suka ce wajibi ne ya cika sharaɗin da ya shiga a kansa ko da ƙasar ba ta musulmi ba ce, biza kuwa amincin zamaninmu ce, wanda ya sa hannu a kanta ya ɗauki alkawari; bai dace ba mutum ya fara ibadar umra da niyyar saɓa alkawari, sa'an nan ya gina gida a kan wannan saɓawa.

Ban manta da abin da ke korar mutane ba, kuma wanda ya zauna a wannan yanki cikin shekarun nan ba ya bukatar a gaya masa. Ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun ga harin 'yan bindiga, an kore shanu, an bar gonaki ba shuka, an sayar da abin da aka mallaka an biya kuɗin fansa. Matashin da ya ga haka, ya kuma ga maƙwabcinsa ya gina ɗakin siminti da kuɗin Jidda, ba da wa'azi kaɗai za a tsare shi ba. Hukuma ma tana da nata kason na laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Tun daga Satumba na 2025 ƙaramin fasfo na shekara biyar naira 100,000 ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Mai son auren da aka ɗaura a Kurfi ya karɓu a wata ƙasa sai ya nemi takardar shaida daga kotun shari'a ko ƙaramar hukuma, ya kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga mata hatimi, a fassara ta, ya kai ta ofishin jakadancin ƙasar da za shi su ma su buga nasu, ga kuɗin mota da na masauki, ga 'yan tsakiya a kowace ƙofa. Babu kuwa wanda ya taɓa zuwa ƙauye ya bayyana wa mutane wannan tsari da harshensu. Inda hanyar halal ta yi tsada ta yi duhu, kasuwar ejan ce take ci.

'Ya'yanmu masu ilmin boko, waɗanda suka fito daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da makamantanta suna hangen Ingila da Amurka, nasu tarkon dabam ne. Dokar Amurka ta 1996 ta ce wanda ya wuce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ya fita, ba ya komawa sai bayan shekara 3, in ya kai shekara guda kuwa sai bayan 10. Bizar da suke ba wanda aka yi wa baiko kwana 90 ce, a ɗaura aure a cikinsu ko a fita. A watan Yuli na 2025 kuma suka rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya zuwa wata uku da shiga ɗaya. Ingila tun daga Afrilu na 2024 ba ta barin ɗan ƙasarta ko mai zaman dindindin ya kai matarsa sai yana samun fam 29,000 a shekara, ban da jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka, kuma ƙasashen biyu ba su ba mata ta biyu bizar aure. A nan ne wasu suke faɗawa ramin da ba su gani ba. Don su gamsar da ofishin jakadanci sai su ruga rajista su yi auren kotu a bayan na masallaci, ba su san cewa dokar aure ta Nijeriya ta 1914 da suka shiga ƙarƙashinta ta mace ɗaya ce ba, wanda ke da wata matar a gida aurensa na rajista ɓatacce ne a idon dokar, wanda ya ƙara aure a bayansa ya yi laifin da ake ɗauri a kansa, kuma saki uku na baki ba ya kwance shi, sai Babbar Kotu bisa dokar 1970. Mace tana iya gama iddarta ta yi wani aure ta haihu, alhali a takarda tana nan matar na fari. Auren biza kuwa, wanda ake biyan mace ko namiji a yi hoto a rabu bayan an sami takarda, ba ya bukatar dogon bayani: in an yanka masa wa'adi ya shiga sahun mutu'a wadda ba ta halatta ba, a Amurka kuma hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5.

Ko nan kusa da mu abin ya fara taɓa mu. Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya ne, amarya daga Jibiya zuwa Ɗan Isa ba a taɓa ɗaukarta ta ƙetare ƙasa ba, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kuma ta ba kowa kwana 90 ba biza. Amma mun ga an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairu na 2025. Ga kuma sashe na 26 na tsarin mulkinmu, wanda ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba baƙon da ya auri 'yarmu irin wannan dama ba, sai ya cika shekara 15 yana zaune. Wannan rashin daidaito ne da ya kamata wakilanmu a majalisa su duba, domin 'ya'yanmu mata ne yake tauyewa.

Gyaran da ke hannunmu ba ya jiran Abuja. Duk limamin da ke ɗaura aure a ƙasar Yandaka da ƙasar Maraɗin Katsina, watau Dutsin-Ma da Kurfi, ya kamata ya ajiye littafi mai lamba, ya rubuta sunan ango da amarya daidai da yadda yake a katinsu na ɗan ƙasa, da sunan waliyyi da shaidu da sadaki da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, a ba amarya kofi nata na kanta ta adana, dagaci ya sa hannu, a kai kotun shari'a ta tabbatar; ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wanda ya san wace amarya ce wata rana za ta tsaya gaban tebur a Jidda. Waliyyin da aka nemi 'yarsa daga waje, kamar yadda yake tambayar asali da sana'a da addini, ya tambayi hoton iƙama da ranar mutuwarta, ya sa wanda ya iya karatu ya duba masa, in babu kuwa ya sani cewa mai neman ba shi da ikon kai ta can ta hanyar halal, kuma ba shi da ikon zuwa ya gan ta. Ofishin jakadancinmu na Jidda da na Riyad ya kamata su yi shela da Hausa, ta bakin shugabannin unguwanni, cewa rubuta aure da haihuwa a wurinsu ba kai ƙarar kai ba ne, su sauƙaƙa shi ga wanda fasfonsa ya mutu, domin ɗan da aka haifa a Karantina ɗan ƙasa ne da nassin tsarin mulki. Wanda kuma yake can yanzu da iyali, tun kafin komai ya tara shaidunsa su rubuta shaidarsu su sa hannu, da sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu, ya aiko da kofi ga 'yan'uwansa a gida. In kuma Saudiyya ta sake buɗe ƙofar afuwa irin ta 2017, ya fito da iyalinsa gaba ɗaya a jirgi guda, domin waɗanda suka fita a wancan karo an yafe musu tara, ba a kuma rufe musu hanyar komawa da biza ingantacciya ba.